Katunan da Na Huda da Basilla

Taubashina ya tsaya gaban mutane ya ce bai gani ba, alhali ya gani da idonsa, har dariya ya yi. Saboda wannan magana tasa aka kira ni ɓarawo a lasifika cikin garin Gusau, ni da ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Ɗan gwaggona ne, ƙanwar mahaifina ce ta haife shi a Bungudu, kuma har yau da nake wannan rubutu bai tsaya ko'ina ya gyara maganar ba. To ni zan faɗe ta yadda ta faru, wanda ya ga dama ya yarda.

Ni baduku ne a Tsafe, gadon gidanmu ke nan. Na yi firamare zuwa aji biyar, sai Baba ya ce tunda na iya karanta wasiƙa boko ya isa, in zo in riƙe basilla. Shi kuwa taubashin nawa ya zarce har ya gama sakandare, ya koyi sa biro a aljihun gaba. Tun muna yara ba ma haɗuwa sai da tsiya, irin ta taubasai. In ya zo Tsafe ya ce ya zo duba bawansa, ni in ce ai bawa shi ke tasowa ya gaida ubangida. Ya taɓa cika mini takalmi da ƙaya, na taɓa ɗinke masa bakin aljihun riga ranar Sallah. Ba wanda ke fushi, manya ma dariya suke yi. Na faɗi wannan ne don a gane abin da ya biyo baya.

Bayan an ba mu jiha da kamar shekara biyu, Gusau ta cika da ma'aikatan da aka dawo da su daga Sakkwato, kowa na neman abin da zai ƙawata falo. Sai wani kwamiti ya shirya baje kolin sana'o'in hannu na mako guda. Taubashina ya samu aikin wucin gadi wurinsu, yana ta fatan daga nan a ba shi na dindindin. Shi ya hau mota ya zo har rumfata ya ce in tafi.

"Bawana, tashi ka ga duniya. Ka zauna nan kana ɗinke wa Fulani takalmi har gemunka ya yi fari."

Na ce, "Mi za a yi a can wanda ba a yi a nan?"

"Manya za su zo da matansu. Amma fa ba a taɓa kuɗi a filin. Kati ake yi."

Ya yi mini bayani. Mai saye zai tsaya a bakin ƙofa ya ba da kuɗinsa, a ba shi katuna masu hatimi, na naira goma, na ashirin, na hamsin. Da su zai yi sayayya. Mu masu kaya mu tara katunan mu kai ofis a ba mu kuɗi, kwamiti ya cire ɗan kasonsa. Wai saboda 'yan sane. Na ce ni ban taɓa ba da fata a ba ni kwali ba. Ya ce abin da ake yi ke nan a ƙasashen da suka waye. Abin da ya gaya mini ke nan, bai ƙara ko kalma ba.

Wata biyu ban huta ba. Na sayo fatar awaki wurin majema, na rina da karan dafi, na yi baƙi da kuloko. Na ɗinka jakunkunan mata, da alabe, da matashin zama na fata, da takalma, da maƙalan mabuɗi. Ko abinci a tsaye nake ci. Lokacin ana wahalar mai, sai da na kwana biyu ina zarya tasha kafin in sami motar da za ta ɗauke ni da akwatunan kayana.

Rumfar da aka ba ni ita ce ta ƙarshe a layi, jikin shinge. Maƙwabcina ɗaya ne, wani tsohon maƙeri mai wuƙaƙe da lauje. Shi tun ranar farko ya ce ba ruwansa da kwali, a ɓoye yake karɓar kuɗi yana turawa ƙarƙashin tabarma. Kwana huɗu aka gane shi aka kore shi, ban ma san garinsu ba.

Ciniki da kati abin haushi ne da farko. Hajiya za ta taya jaka, in ce albarka, ta ƙara, mu yi ta ja har mu tsaya a talatin da biyar, sai a duba a ga babu katin biyar. Ta ce in rage, in ce ta ƙara. A ƙarshe sai in karɓi na arba'in in ɗora mata maƙalin mabuɗi. Da na gane wannan dabara sai kasuwa ta buɗe mini. Wallahi ban taɓa sayar da kaya irin na wannan mako ba. Amma hankalina bai kwanta ba ko sau ɗaya. Kuɗi kana jin nauyinsu a aljihu, kana sanin ka yi aiki. Wannan kuwa ɗan kwali ne da bai fi gidan ashana ba, ga santsi. Na sa a aljihu gumi ya fara cin hatimin. Na sa a ƙwarya iska ta ɗauki ɗaya, sai da na bi shi da gudu har ƙarƙashin teburin masu turare. Minti kaɗan in laluba, minti kaɗan in sake lalubawa.

Sai na yi abin da hannuna ya sani. A gidanmu duk abin da ba ka so ya ɓata, huda shi ake yi a zura a tsinkiyar fata. Haka Baba ke yi wa guntayen fata masu kyau, haka yake yi wa rasit ɗin haraji, ya rataye a ƙusa. Na yanko siririyar fata ja, na ɗauki basilla, na huda katunan ɗaya bayan ɗaya a gefe, nesa da hatimin, na zura su na ƙulle na rataya a wuya cikin riga. Sai a lokacin na ji na numfasa.

Ina cikin hudawa a rana ta biyu da hantsi taubashina ya iso. Aikinsa ke nan, zagaya rumfuna yana gaya wa masu kaya dokokin wurin. Ya tsaya a kaina, ya dubi basillar, ya dubi katunan, sai ya tuntsire da dariya har yana dafa sandar rumfa.

Na ce, "Lafiya? Ko ka sha wani abu?"

"Ba komai. Carbi kake yi, bawana?"

"Carbin da ya fi albashinka."

"Awo, ci gaba. Haka ake so. Dubi yadda ka jera su, kai dai gwani ne."

Ya ɗaga tsinkiyar ya kaɗa ta kusa da kunnensa, ya ajiye, ya ɗauki alabe guda bai biya ba, ya ce kuɗin shara ne tun na bara. Na jefe shi da guntun fata. Kafin ya wuce na tambaye shi ko in riƙa kai katunan kullum da yamma kamar yadda na ga wasu na yi. Ya ce in na iya barin rumfa lokacin da mutane suka fi shigowa in je in tsaya layi, bismilla, in kuwa ina da hankali in bari sai ranar ƙarshe. Na bari. Ko kusa da ofishin ban taɓa zuwa ba.

Ranar rufewa bayan azahar na ɗaure sauran kayana, waɗanda ba su taka kara sun karya ba, na shiga layi. Ofishin rumfar tamfol ce da dogon tebur, akawu biyu, da wani Alhaji mai tabarau, shugaban kwamitin, yana zaune a gefe. Saura mutum ɗaya a gabana na ga abin da ake yi. Akawu ya karɓi katunan mai tukwane, ya ba shi kuɗinsa, sannan ya ɗauki wani ɗan ƙarfe mai kama da awartaki ya riƙa huda katunan, ƙyas, ƙyas, yana jefawa a kwali. Kwalin in ya cika sai a zubar bayan rumfa. Kati mai huji, an riga an biya shi ke nan.

Nawa kuwa duk na riga na huda su. Da zan iya juyawa da na juya, amma an riga an ce, "Na gaba."

Na ciro tsinkiyar daga wuyana na ajiye. Akawun ya ɗaga ta sama da yatsa biyu kamar ya kamo ɓera.

"Malam, ina ka samo waɗannan?"

"Kaya na sayar aka ba ni."

"Da hujinsu aka ba ka?"

"Ni na huda. Da basilla. Don kada su ɓace."

Mutanen layi suka fara leƙowa. Alhajin ya taso. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ka dubi hujin da kyau. Ƙarfenku yanka yake yi, ya cire ɗan da'ira, bakin ya fita sumul. Basilla ba ta cire komai, turawa take yi, in ka juya bayan katin za ka ga takardar ta tattaru ta fito. Ka shafa da yatsa ka ji." Har na fara laluben basillar in gwada masa. Da suka ga na fito da abu mai tsini sai wani ɗan sanda ya riƙe mini hannu.

Alhajin bai ko juya katin ba. Ya ce tun shekaranjiya suke zargin ana tsintar katuna a bayan rumfa. Na ce akwai shaida, ma'aikacinku ne, ya gan ni ina hudawa. Aka aika aka kira taubashina.

Ya zo da biro a aljihu. Da na gan shi har na ji sanyi a raina, na ce, "Yauwa, ɗan Gwaggo, gaya musu."

Alhajin ya ce, "Kai ke zagaya layinsu. Ka ga yana huda kati ka ƙyale shi?"

Ya dubi tsinkiyar, ya dubi Alhajin. Ni bai dube ni ba.

"Ban gani ba, yallaɓai."

Na ce, "Kai, ba wasa ake ba yanzu."

"Na gaya wa kowa kada a ɓata kati. Ban ga komai ba."

Aka zaunar da ni a benci kusa da ɗan sandan. Ba a jima ba na ji lasifika ta ɗauka, ana jan kunnen jama'a cewa an kama wani baduku daga Tsafe da katunan da aka riga aka biya. Ba su faɗi sunana ba, amma baduku nawa ne suka zo daga Tsafe? Ni kaɗai. Kuma ga mutanen garinmu a filin, masu gyaɗa, masu tabarmi, direbobi. Ina ganinsu suna wucewa suna satar kallona.

Abin da ya fi lasifikar ciwo shi ne yadda aka sake ni. Gab da la'asar taubashina ya durƙusa gaban Alhajin, ina ji da kunnena, ya ce, "A yi masa afuwa, yallaɓai. Ɗan'uwana ne, yana da iyali. Halin rayuwa ne." Alhajin ya yaba masa da zumunci. Aka riƙe katunan, aka ce in tafi in gode wa Allah. Ka ji fa. Roƙon da ya yi mini shi ya tabbatar wa kowa cewa na yi.

Labari ya riga ni isa Tsafe. Ba wanda ya tare ni da shi, kuma wannan ya fi muni. Gaisuwa ta gajarce. In na shiga majalisa sai a koma zancen taki. Ni kuwa zama ya gagare ni. In ɗauki fata in yanka, in ajiye, in fita bakin titi, in dawo. Duk wanda ya tsaya a rumfata, ko igiyar takalmi ya zo gyarawa, sai na yago kwalin sigari na huda da basilla na ce ya shafa bayan ya ji. Wasu su ce, "Haka ne, haka ne," suna neman hanyar tafiya. Matata ta ce in bari, ina ƙara tuna wa mutane ne. Na san gaskiya ta faɗa, amma washegari sai in sake.

Sau uku ina komawa Gusau. Ba kuɗin nake bi ba, duk da aikin wata biyu ne ya tafi. So nake a fito da tsinkiyar nan a gaban mutum biyu masu ido a juya kati guda. Zuwan farko na tarar an kwashe rumfunan, awaki na kiwo a filin. Na biyu aka kwatanta mini wani ɗaki da kwamitin ke zama, na hau kabu-kabu na je, ƙofa a kulle, na zauna a dakali har rana ta karkata. Na uku na sami akawun da ya ɗaga katunan. Ya ce ai duk an haɗa an ƙone tun makon da aka tashi. A hanyar dawowa motarmu ta tsaya wajen Kwatarkwashi mai ya ƙare, kowa ya nemi inuwa ya zauna, ni ina ta kai da kawowa a bakin kwalta har wata tsohuwa ta tambaye ni ko mara lafiya na baro a gida.

Abin da ya tayar da ni zuwa Bungudu wani malami ne na 'Yankuzo. Dattijo ne, tun zamanin Baba yake kawo mana aiki. Kafin baje kolin ya kawo mini Alƙur'ani rubutun hannun kakansa, in yi masa sabuwar gafaka. A sana'armu wannan shi ne babban abu. Mutum ya bar maka takobin gidansu ko littafinsa ya tafi, ba takarda ba shaida, don ya san gidan da ya kai. Na riga na yanka fatar, na fara zanen bango. Sai ga shi ran kasuwa, ya zauna muka gaisa, ya tambayi iyali, sannan ya ce yana so ya tafi da littafin, wai akwai wata aya da zai duba.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ba wani Alƙur'ani a 'Yankuzo?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Akwai. Wanga dai nike so."

Na ɗauko na naɗe masa a farin ƙyalle na miƙa da hannu biyu. Bai kawo shi ba kuma. Ko rumfar ban rufe ba, na ce wa mai shagon kusa ya duba mini, na nufi tasha. Tsafe zuwa Gusau, Gusau zuwa Bungudu, na isa rana ta yi sanyi.

Na fara shiga wurin Gwaggo na gaishe ta. Ta tsufa, ba ta san komai ba, sai murna take yi wai ɗanta ya sami takardar aiki na dindindin. Ta ce, "Ka zo yi wa bawanka barka?" Na ce e, Gwaggo. Ta kawo fura, na kurɓa don kada ta ji wani iri.

Na same shi a zaure shi da abokansa biyu, an shimfiɗa tabarma ana jin rediyo. Da ya gan ni ya miƙe yana washe baki.

"A'a, ga bawana da kansa. An sako ka ke nan?"

Abokan suka yi dariya, su a zatonsu wasan da aka saba ne. Ya ga fuskata, sai ya ja ni waje bayan katanga, inda ba mai ji.

"Haba ɗan Kawu. Wallahi tsokana ce. Niyyata in bar ka kwana ɗaya ka tara, in zo in tsorata ka, sannan in kai ka ofis a canza maka. Aiki ya sha kaina na manta. Ran nan kuma ka ga yadda mutumin ya tsare ni. In na ce na gani, shi ke nan, ba ni ba aiki."

"To yanzu ka samu."

"Na samu, alhamdu lillahi. Shi ya sa nake cewa ka kwantar da hankali. In an fara biyana, duk wata zan riƙa aiko maka da wani abu har ka mayar da asararka."

Na ce ba abin da ya kawo ni ke nan ba. Na ce ya zo Tsafe ran kasuwa, ya tsaya a bakin rumfata, ya faɗa wa mutum biyar kacal cewa ya gan ni ina huda katunan nan da basilla. Daga nan mu hau mashin mu je 'Yankuzo ya maimaita wa malamin. Kuɗin mota ni zan biya.

Ya shafa kai. Ya ce magana tana yawo, in ta koma kunnen Alhajin fa? Ya ce in bari a kwana biyu, mutane mantuwa gare su. Ya sa hannu a aljihu ya ciro 'yan takardun hamsin-hamsin yana ƙoƙarin cusa mini.

Na matsa baya, na ɗaga murya yadda na cikin zaure za su ji, don na gaji da magana a bayan katanga.

Na ce, "Mayar da kuɗinka. Ka gan ni ina huda katin nan, ka yi dariya, ka ce in ci gaba. Aka tambaye ka, ka ce ba ka gani ba. Sannan ka durƙusa ka roƙa mini afuwa kan abin da ka san ban yi ba, aka ce kai mutumin kirki ne. Aikin nan da Gwaggo ke murna da shi, da mutuncina ka saye shi, ka riƙa tunawa duk ƙarshen wata. Ba zan gaya mata ba, don ba ita ta yi mini ba. Amma duk wanda ya tambaye ni, a Tsafe ko a Gusau ko nan garinku, zan faɗa masa da sunanka da na ubanka. Wasa kuma ya ƙare tsakanina da kai. In mun haɗu wurin suna ko jana'iza, ka ce mini Malam, in ce maka Malam, kowa ya nemi wurin zamansa."